Gidan Makaɗi da Zauren Jami'a: Tarihin Koyon Kiɗa da Nazarinsa a Ƙasar Jega

Sana'ar kiɗa da waƙa tana da tarihi iri biyu a ƙasar Hausa, wato tarihin waɗanda suka yi ta da hannu da maƙogwaro, da kuma tarihin waɗanda suka zo daga baya suka yi nazarinta da alƙalami, kuma ba kasafai waɗannan biyun suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba. A wasu jami'o'in duniya an daɗe da buɗe wata hanya da ake kira binciken fasaha ta hanyar aikatawa, inda ɗalibin babban digiri yake amsa tambayar bincikensa da kiɗan da ya kaɗa ko waƙar da ya tsara, sannan ya biyo da rubutun da zai bayyana abin da aikin ya koya masa. Wannan tsari bai samu gindin zama a jami'o'in ƙasar Hausa ba, alhali kuwa irin binciken da yake nufi ya girmi jami'o'in nesa ba kusa ba, domin shi ne abin da ake yi a gidajen makaɗa tun kaka da kakanni. Yankin Jega da Aliero da Maiyama, a Jihar Kebbi, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, saboda yanki ne da kiɗan sana'a da na kasuwa suka fi kiɗan fada ƙarfi a cikinsa, kuma daga nan ne aka sami ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi jawo muhawara tsakanin manazarta.

Garuruwan uku suna cikin masarautar Gwandu, a kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta gangara Koko da Yawuri, kuma Jega ce cibiyarsu, a bakin gulbin Zamfara. Tarihin Jega yana da alaƙa ta kusa da farkon jihadi, domin ba nisa da ita ne garin Gimbana yake, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa har rundunar Gobir ta auka musu a ƙarshen shekarar 1803, abin da ya zama ɗaya daga cikin dalilan hijirar Shehu a 1804. Bayan Abdussalami ya rasu a 1818 daga raunin da ya samu a yaƙin Kware sakamakon saɓaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗansa Buhari ne ya kafa Jega, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare kasuwarta ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato, wadda fatake suke sauka da goro da gishiri da tufafi da dabbobi. Aliero ta yi suna da noman albasa da kuma masu ɗorin karaya, ita kuwa Maiyama ƙasar noma ce mai ƙauyuka da yawa.

Malaman jihadi ba su yi shiru game da kiɗa ba. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi, wanda Gwandu ta zama mazauninsa, sun yi rubutu suna sukar kaɗe-kaɗen sharholiya da cuɗanyar maza da mata a wurin rawa da kuma yabon da maroƙa suke yi wa masu mulki don abin duniya, ko da yake sun bar ƙofa ga gangar da ake bugawa don tara jama'a ko fita yaƙi ko sanar da aure. Wannan hukunci bai kashe sana'ar ba, domin ba a jima ba fadodin sababbin sarakuna suka cika da tambura da kakaki da algaita, amma ya bar tabo mai daɗewa a kan matsayin makaɗi, wanda jama'a suke buƙatarsa a kowane buki, suke kuma ƙyamar ba shi 'yarsu. Daga nan ne ilimin kiɗa ya zama abin da ba ya shiga allo ko takarda, a cikin al'ummar da take rubuta fiƙihu da nahawu da tarihi, har ma da waƙoƙin wa'azi cikin ajami. Abin da malami ya sani yana barinsa a littafi, abin da makaɗi ya sani kuwa sai dai ya bar shi a hannun ɗansa ko baransa.

A yanki irin na Jega kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali, da shi ake sanar da cewa an yi yanka, kuma da yake dambe wasan mahauta ne, kalangun ya bi su har fagen da ake kafawa da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Manoma suna da gangar noma wadda ake kaɗawa a wurin gayya, wato aikin gona na taron dangi da maƙwabta, inda makaɗi yake bin manoma kunya kunya yana zuga wanda ya yi gaba yana zolayar wanda ya sare. 'Yan kokawa da 'yan tauri da mafarauta da maƙera duk suna da nasu, kuma kowane fitaccen mutum a cikinsu yana da takensa, wato ɗan gajeren kiɗan da yake wakiltar sunansa da kirarinsa, wanda da zarar an buga shi mai shi zai gane ana kiransa ko da yana bayan gari. Makaɗin da ya ci sunansa yana riƙe da taken mutane masu ɗimbin yawa a ka, na rayayyu da na matattu, yana kuma sane da wanda ya gaji na wane, da wanda ba a buga masa na wane don kada a tayar da tsohuwar gaba.

Koyon wannan ilimi yana da matakai da aka sani, ko da yake ba wanda ya rubuta su a matsayin manhaja. Yaron gidan makaɗa yana farawa ne da ɗaukar kaya da shanya ganguna a rana don fatarsu ta ɗame, sannan a ba shi ƙaramar ganga irin kurkutu ko kazagi, wadda aikinta shi ne riƙe bugu ɗaya ba tare da sauyi ba tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Wannan aiki da ake gani kamar ba komai shi ne ginshiƙin horon, domin yaron da ya iya tsayawa a kan bugunsa yayin da manyan ganguna suke kai da komo a kansa, ya riga ya koyi sauraren kansa da sauraren wasu a lokaci guda. Sai ya ƙware a nan ake miƙa masa kalangu. Kalangu ice ne da aka fafe, mai ƙugu a tsakiya da fata a fuskokinsa biyu, an haɗa fatun da tsarkiya, kuma makaɗi yana rataya shi ya matse a hammata, yana bugun fuska ɗaya da ɗan lanƙwasasshen sanda. Idan ya matsa tsarkiya sai fata ta ɗame murya ta hau, idan ya sassauta sai ta sauka, kuma da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wato kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, sannan wasula suna da tsawo da gajarta, gwanin kalangu yana iya fitar da jimla sukutum har mai saurare ya ji kalmominta. Yawan matsin da ake bukata don a bambanta gaɓa mai faɗuwa da mai sauka abu ne da damtse yake koyo cikin shekaru, kuma maigidan kiɗa ba ya bayyana shi da dogon jawabi, sai dai ya karɓi gangar ya buga ya mayar. Haka kuma ɗalibin yana koyon zaɓen ice da jeme fata da ɗinkin baki, kuma idan gidan masu kotso ko taushi ne, waɗanda ganguna ne masu fuska ɗaya da ake kaɗawa da yatsu, zai koyi haɗa nake, wato baƙin danƙon da ake mannawa a tsakiyar fata don a daidaita amonta.

Tsara waƙa ya fi wannan kama da abin da jami'a take kira bincike. Makaɗin da zai yi wa basarake ko zarumi waƙa yana fara ne da tattara bayani, ya tambayi dattawa da fadawa da sanƙirarsa, wato maroƙin da yake rakiyar ƙungiya yana fayyace wa jama'a maganar waƙa, game da asalin mutumin da iyayensa da garuruwan da suka riƙa da abokan hamayyarsa, domin kuskure ɗaya a cikin nasaba yana iya jawo masa kora daga fada. Bayan haka sai a nemi gindin waƙa, wato 'yan layukan da ake komawa gare su bayan kowane ɗa, kuma a kansu ne karin waƙar da kiɗanta za su zauna. Idan gindi ya samu sai jagora ya tara 'yan amshinsa, galibi da dare, ya riƙa jefo ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, su kuwa suna karɓa suna gwadawa da ganga, a yar da kalmar da ta yi wa kiɗa nauyi, a musanya wadda karinta ya saɓa wa rauji, wato hawa da saukar muryar rerawa, a kuma raba wa kowa inda zai shigo. Ɗan amshi yana da ikon kawo gyara, kuma a manyan ƙungiyoyi har yakan yi ƙari, wato ya ƙarasa maganar da jagora ya fara. Duk da wannan wahala, waƙa ba ta kammala sai an kai ta gaban jama'a, inda makaɗi yake lura da ɗan da ya sa mutane suka motsa da wanda ya wuce shiru, ya dawo gida ya rage ya ƙara. Saboda haka ne ake samun waƙa ɗaya da zubi daban-daban a faifai daban-daban, abin da wasu ɗalibai suke ɗauka ruɗani ne, alhali kuwa shi ne shaidar gwajin da mai ita ya yi ta yi.

Makaɗan fada na yammacin ƙasar Hausa su ne suka kai wannan tsari maƙura. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda ya rasu a 1973, da Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya taso a ƙungiyar mahaifinsa ya yi wa yayansa Kurna daudun kiɗa, wato mataimaki, kafin ya kafa tasa, ya kuma rasu a 1991, dukansu sun bar waƙoƙin da ba za su yiwu ba sai da dogon shiri. A ƙasar Kabi kuwa akwai Aliyu Ɗandawo, wanda ya yi wa sarakunan Argungu da Yawuri kiɗa, ɗansa Sani ya gaje shi. Mamman Shata ya bi wata hanyar, ta gajeren amshi da ƙirƙira nan take, wadda ita ma tana da nata horon.

Gudunmawar yankin Jega da Maiyama ga wannan tarihi ta fito ne daga inda ba a zata ba, wato daga Muhammadu Gambo na ƙauyen Fagada, wanda duniya ta sani da Gambo mai waƙar ɓarayi. Ya ɗauki tsarin waƙar maza, irin wadda ake zuga 'yan dambe da 'yan tauri da ita, ya ɗora shi a kan mutanen da al'umma take gudu, yana ambaton sunayensu da garuruwansu da yadda suke shiga da fita, da abin da yake gudana tsakaninsu da alƙalai da gidan kaso. Malamai da iyaye sun tsine wa waƙoƙin, kuma suna da hujja, domin yabon ɓarna ba ya zama alheri don an iya tsara shi. Sai dai wanda ya saurare su da kunnen nazari zai ga cewa mai su ya san duniyar da yake magana a kanta ciki da bai, ya san harshenta na ɓoye da camfe-camfenta da magungunan da take dogaro da su, ya kuma zuba duk wannan cikin Hausar yankinsa mai kaifi, da ba'a da habaici da ba su bar attajiri marowaci ko mai cin amana ba. Irin wannan sani ba a samunsa sai da zama da mutane da jure hatsarinsu, kuma babu manazarcin zamantakewa da ya shiga wannan lungu kamar yadda ya shiga. Daga baya ya bayyana tubansa daga waƙar ɓarayi, ya rasu a 2016, waƙoƙinsa kuwa sun zama abin rubuta kundaye da maƙalu, musamman a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato.

Nazarin kiɗan Hausa a rubuce ya fara ne da baƙi. M. G. Smith, wanda ya yi aiki a ƙasar Zazzau, ya buga maƙalarsa kan roƙo da matsayinsa a zamantakewa a 1957, sannan David Ames da Anthony King, waɗanda suka yi bincike a Zariya da Katsina, suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, wanda har yau ake komawa gare shi don sanin sunayen kayan kiɗa da sassansu. Fremont Besmer ya yi nazarin kiɗan fadar Kano da na bori, Veit Erlmann kuma ya tattara abin da malaman jihadi suka rubuta game da kiɗa a littafinsa na 1986. Waɗannan mutane sun kula da amo da ganga, amma da harsunan Turai suka yi rubutu, kuma kaɗan ne daga cikin ayyukansu suka dawo hannun masu abin.

Da 'yan ƙasa suka karɓi aikin sai ya sauya alƙibla. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi nasa kan makaɗan fada a Jami'ar Bayero a 1988, ya biyo da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993 da jerin littattafan tarihin makaɗa da diwanin waƙoƙinsu, Aliyu Muhammad Bunza, ɗan Jihar Kebbi, ya fitar da littafinsa kan Narambaɗa a 2009. Bashin da waɗannan malamai da ɗalibansu suke bin Hausa ba ƙarami ba ne, domin su ne suka shiga ƙauyuka da rikoda suka yi hira da tsofaffin makaɗa kafin su ƙare, suka kuma ɗaga darajar sana'ar har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Amma da yake a Kano da Zariya da Sakkwato nazarin ya zauna ne a sassan harsuna da adabi, abin da aka fi auna shi ne jigo, wato saƙon waƙa, da salo, wato dabarun isar da shi, da zubi da tsari. Ɗalibi yakan sami kaset, ko a yau ya sauko da waƙa a waya, ya juye kalmominta a takarda, ya feɗe su, ya liƙa matanin a rataye, kiɗan kuwa ya sallame shi da jimla ɗaya da take faɗin sunan ganga da yawan 'yan amshi. A wajen juyewar ma akan yi asara, domin mai rubutu yakan karkata Hausar Kabi da Sakkwato zuwa daidaitacciya, ta haka tsawon gaɓoɓin da aka gina karin a kansu ya ɓace. Ana iya samun kundi mai kauri kan makaɗin kalangu wanda marubucinsa bai taɓa matsa tsarkiya a hammatarsa ba, kuma tsarin jarrabawar bai nemi ya yi hakan ba.

A wasu wurare an daɗe da gane wannan giɓi. A 1960 Mantle Hood, malami a Jami'ar Kalifoniya, ya kawo ra'ayin cewa wajibi ne manazarcin kiɗan wata al'umma ya koyi kaɗa shi, kamar yadda mai nazarin harshe yake koyon magana da shi. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa a 1961, Akin Euba kuma, wanda ya yi digirinsa na uku a Gana kan gangar dundun ta Yarabawa, 'yar'uwar kalangu, ya mayar da sakamakon bincikensa sababbin kaɗe-kaɗe da ya tsara da kansa. A Turai an kafa Cibiyar Orpheus a birnin Gent na Beljiyam a 1996 don irin wannan bincike, inda gwanayen kiɗa suke neman digiri na uku da aikin hannunsu. Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Malam Maman Barka na Jamhuriyar Nijar, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi mai waƙa da Hausa, wanda a 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi gaɓar tafkin Cadi ya zauna wurin Bukar Tar, tsohon gwanin biram, wato wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar na masuntan Buduma. Ya koya kamar yadda bara yake koyo, ya dawo Yamai da kayan da waƙoƙinsa, ya ci gaba da kaɗa shi a gida da waje har rasuwarsa a 2018, kuma ba don zaman nan ba da abin da zai rage na biram bai wuce hoto da bayani ba.

Yankin Jega yana da jami'a tun 2006, lokacin da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero, sai dai fagenta kimiyya ne da aikin gona da injiniyanci, su kuwa matasan da suke son waƙa sun koma situdiyo, inda fiyano da kwamfuta suke fitar da amon kalangu da na kotso ba tare da ice ko fata ba. Wannan sauyi yana da nasa gwanintar, amma amon da aka adana a na'ura ba ya hawa da sauka da maganar mawaƙi, kuma ba ya kiran kowa da takensa. Kalangu yana nan a fagen dambe da gidajen buki, ana kuma jin gangar noma jefi-jefi a ƙauyukan Maiyama, ko da yake gayya ta ja baya tun da aikin ƙwadago da maganin feshi da galmar shanu suka yawaita. Waƙoƙin manyan makaɗa sun tsira a faifai da kaset da taskokin gidajen rediyo na Kaduna da Sakkwato, matanin da yawa daga cikinsu kuma yana cikin kundaye. Abin da bai shiga ko'ina ba shi ne taken mahauta da na manoma da na 'yan kokawa na waɗannan garuruwa, da yadda ake haɗa nake, da yadda jagora yake raba shiga tsakanin 'yan amshi, kuma ɗalibin da zai tattara su dole ne ya fara daga kurkutu a hannun waɗanda suka rage, ya shekara yana bugu ɗaya, sannan ya sami sashen jami'ar da zai yarda ya saurari kiɗansa a ranar kare kundi.